Shekara Shida, Ba Wanda Ya Yi Wa Inna Gaisuwar Ramatu

A azumin da ya wuce ƙanwata Ramatu ta cika shekara shida a ƙasa. Na san yadda ake rubuta irin wannan shafi: a yabi mamaci, a roƙa masa gafara, a gode wa waɗanda suka tsaya. Gafara kam ina roƙa mata kullum, Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Godiyar ce ba ni da wanda zan yi wa a garinmu, kuma yau ban zauna don in yi wa kowa kara ba. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana nan da ranta a ɗakinta. Idonta ya yi rauni, kunnenta ya yi nauyi, kuma har gobe tana jiran mutanen garin da ta yi aure ta tsufa a cikinsa su shigo su ce mata, "Ya haƙuri?" 'Yan'uwa na nesa sun zo sun yi mata. A cikin garin kuwa, shekara shida ba a samu mutum ɗaya da ya buɗi baki ya faɗa ba.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Karaye da Rogo, garin manoman dawa da gyaɗa, inda kowa ya san kakan kowa. Ba zan rubuta sunansa ba, saboda yaran da nake koyarwa ba su yi min laifin komai ba. Ni ne babba a ɗakinmu, malamin firamare ne ni, na yi koyarwa a Zoza da Gwangwan kafin a dawo da ni gida. Ramatu ce auta. Tun tana ƙarama, in muka je hutu rugar Kawu Bello, ƙanen Inna, can wajen Falgore, ba ta bin 'yan mata ɗebo ruwa, kullum tana wajen maruƙa. Wata damina zawo ya shiga maruƙan Kawu yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar nan ta yi kuka har da majina, tana tambayar me ke kashe su. Kawu ya ce ajali. Ta ce ta yarda ajali ne, amma ta wace ƙofa yake shigowa? Kawu ya yi dariya ya ce wannan 'yar taku sai boko. Bokon kuwa ta yi, ta karanci likitancin dabbobi, ta zarce bincike a jami'a.

Tun kafin duniya ta san sunan korona, Ramatu a kanta take aiki. Har yau mutane da yawa ba su san korona dangi ne babba ba. Akwai ta shanu mai sa maruƙa zawo, akwai ta kaji mai sa su mura da tari, kuma likitocin dabbobi sun daɗe da saninsu. Wata rana ina gyaran dangar bayan gida tana miƙo min igiya, na ce ta faɗa min da Hausar da zan gane, me take yi a ɗakin gwajin nan da har yake hana ta zuwa gida da sallah. Ta ce ƙwayar cutar in ta shiga jikin dabba ba haihuwa take yi ba. Tilasta wa jikin take yi ya ƙera mata sassanta daban-daban: ƙayoyin da take mannewa da su, da zaren gadonta da ke ɗauke da umarnin yin wata irinta, da sauransu. To sassan nan a warwatse suke fitowa. Akwai wani sinadari guda, ana kiransa furotin, da ke zaune a jikin tantanin da ke lulluɓe ƙwayar, shi ne yake jawo kowane sashe ya riƙe shi a muhallinsa, ya lanƙwasa tantanin ya dunƙule, sai sabuwar ƙwaya ta fito cikakkiya.

Ta dafa tankar da nake ɗaurewa ta ce, "Yaya, ka ga wannan? Kara ne ke yin danga, amma in ka cire tanka duk zubewa za su yi. To tankar ƙwayar cutar nake karanta. In muka gano inda take kama sauran, wata rana a samu maganin da zai hana ta kamawa."

Na ce to a ina take samun tankar, tana yawo da cutar a kwalba ne? Ta yi dariya har ta saki igiyar. Ta ce ba sa taɓa ƙwayar mai rai. Umarnin yin wannan furotin ɗin shi kaɗai suke ba wa wasu ƙananan halittu da ake kiwo a kwalba, su kuma su yi ta ƙera shi, a tace a ajiye. Ba shi da zaren gado, ba ya hayayyafa, ba ya kama mutum ko dabba. Ta ce ko na zuba shi a koko na shanye, iyakarta in yi mata asarar aikin wata da watanni. Ni da ban wuce ilimin kimiyyar aji shida ba na gane sarai a tsaye a bakin danga.

Abin da ya jawo mana duk wannan shi ne Ramatu ba ta iya amsa tambaya da "aikin gwamnati ne" ta yi shiru, kamar yadda masu wayo suke yi. Ranar sunan ɗiyata ta ƙarshe, shekara uku kafin annobar, mata sun cika tsakar gida, suka sa ta a gaba da tsokana. Ke Ramatu wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa, sa'o'inki sun aurar da 'ya'ya. Ta kuwa gyara zama ta yi musu bayani tiryan-tiryan, cewa tana aiki a kan wata cuta da ake kira korona, kuma a ɗakin gwajinsu suna haɗa wani sashe nata da hannunsu. Mata suka yi ta dariyar sunan, wata ta ce sai ka ce sunan atamfa. Goggo Kande, tsohuwar da ke yi wa matan garin wankan gawa, ita ce ta ɗaga hannu ta sa mata albarka, ta ce Allah ya sa aikin ya amfani jama'a. Kowa ya shafa.

Sai shekarar kulle ta zo. Rediyo ba shi da magana sai korona, aka rufe jami'o'i, aka rufe hanyoyi. Mijinta yana Legas wajen aiki, kulle ya ritsa da shi can, Allah kuma bai ba su haihuwa ba, don haka ta taho gida ta yi azumi da Inna. Ta sauko daga mota da takunkumi a fuska da 'yar kula a hannu. Allurar ciwon sukarin Inna ce a cikin kular, da ƙanƙara, don kada zafi ya ɓata ta. Da yake ba ta iya ganin abu ta yi shiru, sai ta shiga bin gidaje tana gaya wa mata su riƙa wanke hannu, su rage cunkoso a gidan biki da gidan makoki, su nesanta tsofaffi da masu tari. A daidai lokacin ne labarin mace-macen tsofaffi a Kano ya cika ko'ina, mu ma a garin muka binne dattawa a jere.

Ban san bakin wa ya fara ba, kuma na daina bincike. Abin da na sani, cikin 'yan kwanaki maganar ta game gari: ai Ramatu da bakinta ta faɗa a gidan suna, su ne masu haɗa korona, ga shi ta kawo ta a kula. Ka ji fa! Matan da suka ji rabin farko na bayaninta suka riƙe shi gam, rabin da ta ce abin ba ya kama kowa kuwa ya bi iska. Na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar na yi bayanin tanka da danga har muryata ta dushe. Dattawa suna gyaɗa kai suna cewa haka ne Malam, ina juya baya sai su matsa da buzunsu. Aka daina aiko yara ɗiban wuta gidanmu. Mai markaɗe ya dawo da gyaɗar matata ya ce inji ya lalace, alhali ina jin ƙararsa daga soro. Ramatu ta ce in ƙyale su, tsoro ne, in annoba ta wuce hankalinsu zai dawo.

Tana da asma tun tana yarinya, duk garin sun sani, a gabansu ta girma da ita. Maganin shaƙarta ya ƙare a tsakiyar azumin, hanyar Kano kuma a rufe. Wata rana bayan azahar, ana zafin nan mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, ciwon ya taso mata. Ta zauna a bakin gado tana jan numfashi da kafaɗu, ta ce min, "Yaya, mota." Na fita da gudu ba takalmi. Mota ɗaya ce a garin ranar, ta Alhaji Sale, ɗan kasuwar hatsi, wanda muka yi makarantar allo tare, wanda Inna ta sha goya shi in uwarsa ta tafi rafi. Na same shi a inuwar ƙofar gidansa, motar a gabansa. Ya miƙe ya ja da baya, ya rufe hanci da bakin rigarsa.

"Malam, ka tsaya daga nan. Ni mai iyali ne."

"Alhaji, asma ce. Asmar da ka sani. Ba ni makullin in tuƙa da kaina, in ka ga dama ka ƙona motar bayan nan, zan biya."

"Babu mai a ciki," in ji shi, ya shige gida ya turo ƙofa.

Masu babur da ke zaune a gindin darbejiya suka watse tun kafin in ƙaraso. Na samu wani baƙo mai babur a bakin titi, ya yarda, Allah ya saka masa duk inda yake. Muka iso ƙofar gida na tarar da Inna ta fito da ita soro tana yi mata fifita da mayafi. Ramatu ta riga ta cika. Ba zan yi shisshigi in ce da an kai ta asibitin Karaye da ta rayu ba, rai na Allah ne. Amma akwai mai a motar nan, don da la'asar na gan ta ta fita da buhunan masara.

Na aika wa Goggo Kande a zo a yi wanka. Aka dawo aka ce ciwon ƙafarta ya tashi. A garinmu uwa ba ta wanke 'yarta, ana ɗauke mata wannan, ana zaunar da ita a ɗaki mata su kewaye ta. Inna ta ɗaure zani, ta ce wa matata ta ɗebo ruwa. Ita ta wanke autarta da hannunta, matata tana zuba mata ruwa tana kuka, ita kuwa ko ɗigon hawaye. Liman ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Makarar masallaci aka ce ba a ga mai makullin ɗakin da take ba. Kawu Bello ne ya iso daga Falgore da 'ya'yansa maza biyu da amalanken shanu, muka shimfiɗa zana muka ɗora ta. Ni na ja sallar, mu huɗu. Muka ratsa tsakiyar gari da gawar 'yar garin a kan amalanken da ake kai taki gona, mutane suna leƙe ta kafar danga. 

Duk wannan ma na iya haɗiye shi, in ce firgici ne, mutum a firgice ba ya cikin hayyacinsa. Zaman makokin ne ya tsaya min a wuya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake yi: gidan da aka yi rasuwa ba ya hura wuta, maƙwabta ne ke aiko da kwanuka, maza su zauna a waje, mata su cika ɗakin uwar mamaci, mai shigowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a ce da godiya, ya yi addu'a a shafa. Ko jaririn da ya zo ya koma ana yi wa uwarsa wannan. Inna ta zauna a tsakar ɗakinta ta fuskanci ƙofa. Duk motsin da ta ji a soro sai ta gyara mayafi. Akuya ce, ko iska. Matata ce ta hura wuta ta dafa abin buɗa baki a gidan da aka fitar da gawa.

Daga baya wani ya ce min, ai Malam ita marigayiyar ce ta ce a daina taruwa a gidan makoki. Ka ji borin kunya! A satin nan aka rasa wani dattijo a unguwar gabas, garin kaf ya je, har ana rasa wurin zama. To na ji, a ce maganarta suka bi. Kulle ya wuce, an buɗe hanya, an buɗe kasuwa, an yi bukukuwa ba adadi, ƙafar wa ta karye da ta kasa takowa ɗakin Inna?

Na daɗe kafin in gane abin da ya faru da su. Da annobar ta lafa, kowa ya sha jinin jikinsa. Wanda duk zai shigo ya ce ya haƙuri bayan wata shida, sai ya amsa wa kansa tambayar ina yake ranar farko. Sai suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka yi kamar ba a taɓa haihuwar Ramatu ba. Suna gaida Inna sarai, ina kwana, ya jiki, ya damina, ya jikoki. Ana aiko mata da tuwon sallah. Sunan autarta ne kawai ba ya fitowa daga bakin kowa. Yanzu ma in ka zauna a majalisa za ka ji ana cewa ai korona ƙarya ce, ba a taɓa yin ta ba. Ikon Allah! Cutar da suka bar mace ta mutu a soro saboda ita, yau ita ce ba a yi ba. Alhaji Sale kuwa da aka ce ba mai zuwa Makka sai da rigakafi, shi ne ya yi sammakon zuwa ya miƙa dantse.

Abin da ke ƙara tafasa min zuciya shi ne halin Inna. Tun daga lokacin, har zuwa bana da jiki ya hana ta fita, ba a yi rasuwa a garin nan da ba ta ja sandarta ta je ba. Da uwar Alhaji Sale ta rasu ita ce ta fara shiga ɗakin. Da Goggo Kande ta rasu bara waccan aka rasa mai wanka, don 'yan matan yanzu ba su koya ba, Inna ce ta je ta wanke ta. Na tare ta a ƙofa ranar, raina a ɓace, na ce Inna wannan matar fa? Ta ce, "Matsa min in wuce, gawa ba ta jira." Da ta dawo ta zauna tana haki, ta ce min tana zuwa ne don kada hanyar ta toshe, in sun ga ƙafarta a ɗakunansu wata rana za su tuna hanyar nata. Ni ba ni da wannan zuciyar, kuma ban ce ina son in same ta ba.

Nakan tambayi kaina me Ramatu za ta ce da ta ga yau. Na san ba za ta taya ni fushi ba, wannan shi ne abin haushin. Da ta nemi wuri a tsakar gida ta sake yi musu bayanin daga farko, a hankali, har da zane a ƙasa. Ta yi imani cewa duk wanda aka yi wa bayani da kyau zai gane, kuma ta mutu ba ta canza ra'ayi ba. Da ta yi murna ta ji ɗalibanta ba su yar da aikin ba, har yanzu suna tace furotin ɗin nan suna neman inda yake kama 'yan'uwansa. Da ta tambayi Kawu ko maruƙa suna mutuwa da damina, ya ce mata suna yi. Amma akwai wuri ɗaya da na tabbata murmushinta zai ɗauke. Da ta leƙa ɗakin Inna ta ga yadda tsohuwar nan ke ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama, to ranar garin nan zai ji muryar Ramatu da bai taɓa ji ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wannan. Bayan sallah ɗalibanta da abokan aikinta suka yi shawara su haɗa kayan gwaji, madubin ganin ƙananan halittu da kwalabe da sauransu, su ba makarantar sakandaren garinmu, a buɗe ɗakin kimiyya da sunanta. Su ba su san abin da ya faru ba, sun ɗauka garin yana alfahari da ita. Labari ya isa ƙungiyar ci gaban gari, wadda Alhaji Sale ke shugabanta yanzu. Nan da nan Ramatu ta zama 'yarmu. Dokta Ramatu 'yar garin nan, abin alfaharinmu, har ana shirin gayyato manya daga Karaye da Rogo a yanka ƙyalle. Baƙin sun ce suna son albarkar mahaifiyarta da hotonta. Dole ta sa ƙungiya ta tako gidanmu.

Tun da safe da na gaya wa Inna suna tafe, ta sa matata ta share ɗaki, ta yi wanka, ta ɗauko farin mayafinta. Ta zauna da carbinta tana jira. Da hantsi suka iso, Alhaji Sale da liman da dattawa biyu. Suka durƙusa.

"Inna, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki? Ya idon?"

"Alhamdu lillahi, Sale. Ya iyalin?"

"Lafiya ƙalau. Inna, alheri ne ya kawo mu. Aikin da Dokta ta yi ne Allah ya sa ya jawo wa garinmu abin arziki."

Ya yi ta zuba, kayan da za a kawo, fentin da za a yi, allon da za a kafa a bakin titi, irin rubutun da za a yi a jiki. Inna ta karkato da kunnenta mai ɗan ji, ta ƙura wa inda muryarsa take fitowa ido. Ya kai ƙarshen magana. Na ga bakin liman ya motsa, na ce a raina yanzu zai faɗa. Sai ya ɗaga hannu ya yi addu'ar Allah ya ciyar da garinmu gaba, ya ba mu damina mai albarka. Aka shafa. Alhaji ya tura hannu a aljihu ya ajiye goro a gefen tabarma, suka miƙe.

Na raka su soro. Alhaji ya ce to Malam, hoton fa? Na ce masa babu hoto, babu allo, babu sunan ƙanwata a bangon kowa sai an koma ɗakin nan an yi abin da ake yi wa kowace uwa. Ya yi 'yar dariya ya dafa kafaɗata, ya ce haba Malam, abin da ya wuce ai ya wuce, tone-tone ba shi da amfani, kada ka hana yara alheri. Na cire hannunsa daga kafaɗata. Yara ba zan hana su komai ba, na riga na gaya wa baƙin su kawo kayan, a koya wa 'ya'yan garin nan yadda cuta take da yadda ba take ba, ko Allah zai sa su fi iyayensu. Sunan ne ba zan bayar a yi kwalliya da shi ba.

In an ce me ya rage na Ramatu, akwai ɗaliban da ta koya wa aiki, suna can suna yi. Akwai ɗiyata, wadda aka yi waccan hirar ranar sunanta, da take cewa ita ma likitan shanu za ta zama. Akwai kabari a gefen maƙabarta da ni da Kawu muke gyarawa bayan kowace damina. Waɗannan duk za su iya jira. Wadda ba za ta iya jira ba ita ce tsohuwar da na koma na tarar a zaune yadda suka bar ta, da farin mayafinta, ba ta ko taɓa goron ba. Ta ji takuna ta ɗago. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce:

"Kai ne? Ka san kunnen nan nawa. Sun yi min gaisuwar ne ban ji ba?"

Da na ce sun yi, da ta yarda, da ta ce da godiya ta samu barci. Na duba fuskarta na kasa.

"Ba su yi ba, Inna."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "To ka gaya musu ina gida. Yanzu ba na iya zuwa ko'ina."

Ga shi na gaya muku, a inda ba za ku ce ba ku ji ba. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, kuma kun fi ni sanin abin da wannan yake nufi ga mai shekarunta. Ba sai kun zo da goro ba, ba sai kun ba ni haƙuri ba, ni na daina buƙata. Tana ɗakinta na hannun dama in an shiga, kuma sai kun ɗaga murya.